Uban Amarya da Rabin Gwangwani

Torleif Skjerve yana da ƙananan rishunan gas na hawan dutse har shi kansa ya daina ƙirga su, amma 'ya ɗaya tak Allah ya ba shi. Rishunan suna gareji a jere a kan katako, kowanne cikin 'yar jakarsa, kowanne kana iya rufe shi a tafin hannu. 'Yar kuwa, Sunniva, tana birnin Bergen tana aikin jinya, ta tasar wa talatin, kuma tun da shi da uwarta suka rabu ba ta cika leƙowa garinsu Voss ba sai da dalili. Da bazara za ta yi aure, wannan ya sani. Abin da bai sani ba, yayarsa Gunvor ce ta bugo waya ta faɗa masa, don ita labari ba ya kwana a cikinta.

"Kana ina?"

"Gareji."

"Ni ma da neman magana, ina kuwa za ka kasance. To ajiye abin da ke hannunka. Jawabin uban amarya, ana shirin ba wa Arnfinn."

Torleif ya ajiye abin da ke hannunsa. Arnfinn shi ne mijin da Magnhild, tsohuwar matarsa, ta aura bayan shi. Dillalin gidaje ne, mai fara'a, mai tumbi, irin mutumin da in ya ce ya je dutse, to mota ce ta kai shi har inda ake tsayawa ɗaukar hoto.

"In ji wa?"

"Magnhild ce ke zugawa. Yarinyar dai ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba, ta ce sai ta gan ka tukuna. Torleif, don girman Allah, in ta zo kada ka yi mata maganar gas."

"Yaushe na taɓa yi wa mutane maganar gas?"

"Ranar jana'izar Baba."

"Ai tambayata aka yi."

"Ba wanda ya tambaye ka. Fasto cewa ya yi ana sanyi."

Duk wanda ya taɓa zaman cin abincin biki a ƙasar nan ya san nauyin abin. Kafin ango ya buɗe baki, kafin kowa, uban amarya ne ke miƙewa da kofi a hannu ya faɗa wa jama'a wace ce 'yarsa, mata su share hawaye, maza su duba rufin ɗaki. Sau ɗaya ake yi. Wanda ya miƙe a wannan lokacin shi ne uba, ko wa ya haifa. Torleif ya hango kansa zaune a gefe yana tafa wa Arnfinn. Yana son 'yarsa, so mai tsanani, bai dai taɓa sanin yadda ake yi da shi ba.

Washegari Sunniva ta kira da kanta.

"Baba, ran Lahadi zan biyo jirgin ƙasa na safe mu hau dutsenmu. Jirgin la'asar zan koma, ina da aiki Litinin."

Mu mutanen ƙasar nan kuwa kowa ya san halinmu. Ba ma yin magana mai nauyi a falo, inda mutum zai iya kallon ƙwayar idonka. Sai an hau dutse, an sami wurin zama, an dafa gahawa, kowa ya riƙe kofinsa ya zuba wa kwari ido, sannan wani ya yi gyaran murya ya faɗi abin da ya hana shi barci tun bara. A haka Torleif ya nemi auren Magnhild, a haka kuma ta gaya masa ta gaji. Saboda haka da ya kashe waya, abin a fili yake a wurinsa: in akwai gahawa akwai magana, in akwai magana jawabi nasa ne. Komai ya rataya a wuyan risho.

Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka tun Juma'a ya nufi kantin kayan dutse. Ma'aikatan kantin sun san jar hularsa. Da suka hango ta ta taga, kowa ya tuna yana da aiki a sito, mai kantin ne kaɗai ya makara.

"Gas nake so, na hunturu."

"Ga shi can, Torleif, hannunka na dama."

"Ka san bambancinsa da na rani kuwa?"

"Ka gaya mini bara. Da bara waccan."

"To ka manta, tunda ga su ka jera wuri ɗaya."

Nan fa aka buɗe makaranta. Ya ce abin da ke cikin gwangwani ruwa ne, sai ya ji ɗumi yake tashi ya fito ya kama da wuta. Na rani, wato na lokacin zafi, rago ne, da ya ji sanyin ƙanƙara sai ya lafe a ƙasan gwangwani ya ƙi motsi. Na hunturu an gauraya shi da wani mai zafin nama wanda sanyi ba ya razana shi. Ya ɗaga yatsa ya ƙara da cewa in gwangwani ya yi rabi, mai zafin naman ne ya riga fita, ragon ne ya saura, don haka babu wawan da ya kai mai ɗaukar rabin gwangwani zuwa dutse da hunturu. Daga nan ya gangara kan bakin gwangwani, mai murɗawa da mai dannawa, da yadda wani abokinsa ya je ƙasar waje da risho mai irin wannan baki ya tarar da gwangwanaye masu irin wancan, ya yi hutunsa kaf yana cin taliya ɗanya. Wata mata da ta shigo sayen safa ta ajiye safar ta fice.

Ya fito da sabon gwangwanin hunturu, da kuma sabon risho da bai je da niyyar saye ba, don an ce ya fi wanda yake da shi sauƙi da nauyin cokalin shayi. A lura, duk abin da ya faɗa a kantin nan gaskiya ne. Torleif ba jahili ba ne. Da jahili ne, da abin ya zo da sauƙi.

Ran Asabar ya shimfiɗa kaya a kan teburin gareji, ya haɗa tukunya da kofuna biyu na katako da garin gahawa da ashana. Ya ɗauki sabon gwangwanin zai jefa a jaka ke nan, sai idonsa ya faɗa kan katakon ƙasa.

Kowane gida a garin nan yana da irin wannan katakon, kada wani ya yi musu. Nan ake tara gwangwanayen da aka ci rabi, wanda ya dawo daga kamun kifi, wanda ya dawo daga hutun Ista, da wanda ba a ma tuna daga ina ya dawo ba. Ba a yarda da su a doguwar tafiya don ba a san abin da ya rage a ciki ba. Ba a jefa su a shara don akwai gas, kuma maƙwabta suna da taga. Masu karɓar ƙarafa su ce maka sai ka ƙarar tukuna. Haka za su yi ta zama suna kallon mutum shekara da shekaru. Mu kuma an raine mu a gidajen da ba a buɗe sabuwar kwalbar zuma sai an kankare tsohuwar da wuƙa. Uwar Torleif har takardar naɗe burodi takan goge ta linke don gobe, kuma ta bar duniya ba ta taɓa tunanin wannan abin faɗa ba ne.

Ya ɗauki ɗaya ya girgiza a kunne, ya ajiye. Ya ɗauki wani. Shi dai ya ce yana da kunnen wannan aiki, ba wanda ya taɓa gwada shi. Na ukun ya yi masa ƙarar da ta kwanta masa a rai. Na rani ne, ragowar watan Yuli. Ya san na rani ne, ya san an shiga Nuwamba, jiya-jiya ya gama yi wa mai kanti wa'azi a kai. Amma fa ruwan kofi biyu ne kacal. A fasa sabon gwangwani dungurungum saboda kofi biyu, a ƙara wa katakon ƙasa maraya? Ga shi kuma rabin ya fi sauƙi a baya. Ya mayar da sabon inda ya ɗauko shi, ya ji wani daɗi irin na mutumin kirki ya lulluɓe shi.

Da safiyar Lahadi ya tarbe ta a tasha. Suka yi irin rungumar da muke yi, kafaɗa ta gaida kafaɗa. Ta yi kama da uwarsa a wajen haɓa, bai taɓa lura ba sai yau, ya so ya faɗa mata, sai idonsa ya sauka ƙasa.

"Takalman nan sun sha mai kuwa?"

"Sun sha, Baba. Ina kwana."

"Lafiya lau. Mu je, rana ba ta jira."

Suka kama hanya, shi a gaba, ita a baya. Sun wuce gonakin ƙarshe, sun shiga cikin itatuwan da suka zubar da ganye, ƙasa ta fara ƙara a ƙarƙashin takalmi don ta daskare. Can ta ce masa Sondre, wanda za ta aura, yana gaishe shi. Torleif ya buɗe baki zai tambayi ko har yanzu yaron yana yawo da wancan risho mai nauyin guduma, sai ya tuna kashedin Gunvor, ya haɗiye. Ya yi mata maganar safar ulu maimakon haka, har suka fita daga itatuwa, yana jin ya yi ƙoƙari ƙwarai.

A saman dutsen akwai wani faffaɗan fa da suke zama tun tana ƙarama, yana kallon kwari da tafki. Dusar ƙanƙara ta ɗan yi masa fari-fari, iska kuma tana yanka. Ana kukan targaɗe sai ga karaya: a ɗaya gefen fan ga Oddvar zaune, ya baje. Oddvar tsohon malamin makaranta ne, suna ƙungiyar masu hawan dutse ɗaya da Torleif, kuma sun shekara goma sha suna gardama kowace Laraba a kan wane risho ya fi. Nasa yana gabansa yana ruri kamar injin niƙa, tururi na tashi.

"Torleif."

"Oddvar."

"An fito."

"An fito. Yau tana kaɗawa."

"Tana kaɗawa. An ce gobe ma haka."

An gama gaisuwa ke nan, kuma ta yi tsawo. Suka zauna daidai inda ladabi ya tanada, kusa yadda ba za a ce ana gaba ba, nesa yadda ba sai an yi hira ba. Sunniva ta fito da burodi da cuku, ta ɓare lemo. Torleif ya murɗa sabon risho a bakin gwangwani, ya buɗe ƙafafunsa uku, ya ɗora tukunya, yana yi a hankali yadda Oddvar zai sami damar ganin ƙanƙantarsa. Ya kyasta ashana. Wuta ta kama, shuɗiya, siririya kamar ta kyandir, ta yi tari ta mutu. Ya sake kyastawa, ta sake mutuwa. Ya taɓa gwangwanin, sanyinsa ya manne masa a yatsa.

"Lafiya, Baba?"

"Lafiya lau. Yana ɗan hutawa ne."

Ya san abin da ya faru, ba wanda ya fi shi sani a duk yammacin ƙasar nan. Ya kuma san maganin. Ya kwance rishon, ya zuge rigar sama, ya ɗage ta ulu, ya cusa gwangwanin a hammata ya danne da hannu. Sanyin ya ratsa shi har haƙora, amma ko ƙifta ido bai yi ba. Ya zauna a miƙe, hannu ɗaya a manne da jiki, yana duban kwari kamar haka ya saba zama. Oddvar bai kalle su ba, irin rashin kallon nan da ke nuna mutum ya ga komai.

Sunniva ta matso ta rage murya.

"Baba, ga Oddvar can ruwansa ya tafasa. In je in karɓo mana kaɗan?"

"Rufa mini asiri!"

"Ruwan zafi ne fa, ba ƙoda ba."

"Ki zauna. Yanzun nan zai yi ɗumi."

Ta tashi a cikinmu, ta san dokar, Bergen ce dai ta ɗan lalata ta. A kan dutse kowa da kayansa. Wanda ya roƙa ya shaida wa duniya cewa bai iya shirya jaka ba, kuma a wajenmu gara a ce mutum ya ci amana da a ce bai iya shirya jaka ba. Wanda ya yi tayi kuma ya fi shi laifi, don ya nuna ya lura. In ka karye, za a goya ka har gari, ba wanda zai yi ƙorafi. Amma gahawa, kowa tasa ta fisshe shi.

Oddvar ba mugu ba ne, a faɗi gaskiya. Ya shanye kofinsa tuntuni, ya ƙi tashi, yana ta juya murfin tukunya a hannu, abin yana cin sa. Daga ƙarshe ya yi abin da ba kowa zai iya ba. Ya fuskanci kwari ya ce, kamar da tafki yake magana:

"Yau na dafa ruwa ya yi mini yawa."

Iyakar abin da tayi zai iya kaiwa ke nan ba tare da an zubar da mutuncin kowa ba. Sunniva ta ɗago da sauri. Ƙofa a buɗe, abin da ya rage Torleif ya ce ai kuwa bai kamata a yi asararsa ba. Amma shekara goma sha na gardama ba wasa ba ne, bakinsa ya riga shi.

"Haka ake yi in tukunya ta yi girma. Ɓarnar gas ce."

Oddvar ya gyaɗa kai, ya karkata tukunyar, ya tsiyaye ruwan a gefen fa. Tururi ya tashi fari, iska ta kwashe. Sunniva ta rufe ido. Oddvar ya naɗe kayansa, ya goya jaka, ya ce sai Laraba, ya gangara.

Suka saura su biyu, da gwangwani. Rana ta Nuwamba ba ta hawa sama balle ta daɗe, ta riga ta fara jingina. Sunniva ta duba agogo, ta miƙa masa ɓarin lemo, ya karɓa da hannun da ke da 'yanci.

"Arnfinn ya ce in taho da filas," in ji ta. "Na ce a'a, Baba zai ji haushi."

"Filas! Gahawar da aka dafa tun asuba? Wannan ai ruwan wanke tukunya ne."

"Na sani. Shi ya sa na bar shi."

Ta kalli yadda ya ƙanƙame hannu a jiki, yana ɗan jijjiga don ɗumi. Sai ta yi dariya, gajeriya, wadda ba ta kai ido ba.

"Ka san kuwa, ban tuna ka taɓa rungume ni ya kai yadda ka rungume gwangwanin nan ba."

Maganar ta soke shi. Yana da amsa ma. Lokacin da aka haife ta da tsakiyar hunturu, ɗakinsu na haya ba ya ɗumi, a cikin rigar ulunsa yake saka ta ya yi ta zagaya ɗaki har ta yi barci. Amsar tana nan a bakinsa, ya ji ta yi masa laushi da yawa, irin maganar da ake buƙatar kofi a hannu kafin a faɗa. Ya ce bari gahawa ta dahu tukuna. Ya zaro gwangwanin ya taɓa shi a kumatu.

"Ya yi."

Ya murɗa, ya kyasta, wuta ta kama. Ba ruri, ba komai, 'yar wuta ce mai lumshe ido, amma ta tsaya. Ya kare ta da jaka da gwiwa da tafin hannu. Da irin wannan wutar ruwan zai daɗe, Sunniva kuma ta ga alamar haka.

"Baba, ba zan iya jiran tukunyar nan ba, jirgi ba zai jira ni ba. Na san Gwaggo Gunvor ta gaya maka."

"Ta ɗan taɓa."

"Mama tana son Arnfinn ya yi. Shi ya ce mini in ba ka, ya ce haƙƙinka ne. Ni kuma na ce sai na ji daga bakinka." Ta juyo ta kalle shi, ido cikin ido, ba kofi, ba kwari. "In ka miƙe ran nan, me za ka ce a kaina?"

Torleif ya sha jinin jikinsa. Ba a yin haka. Ba a tambayar mutum kai tsaye, hannunsa wayam, fuska da fuska, kamar a ofishin 'yan sanda. Ya duba tukunya, ko motsi ruwan bai fara ba. Ya yi gyaran murya.

"To, zan ce Sunniva yarinya ce mai juriya. Tun tana 'yar mitsitsiya ta hau dutsen nan da ƙafarta. Lokacin muna da wani risho na kalanzir, mai ɗan karen nauyi, sai ka yi ta buga masa famfo kafin..."

"Baba."

"Ina zuwa, ai shimfiɗa ce. Shekarar da muka koma gas, kina aji uku..."

"Aji biyar. Shekarar da na karye a hannu."

"Haka ne, haka ne! Shi ya sa kika kasa riƙe mini makarin iska."

Ya ji yadda maganar ta fita, ya so ya kamo ta, ta riga ta tafi. Ya laluba cikin kansa da gaggawa. Abubuwa suna nan da yawa, amma duk wanda ya jawo sai ya fito da risho a maƙale. Ya tuna kowace tafiya da irin gas ɗin da aka ƙona a cikinta, da tukunyar da ta ƙone, da ranar da ashana ta jiƙe. Yarinyar tana cikin kowane tunani, amma a gefe, cikin jar riga, bai ga fuskarta sosai ba. Tsoro ya kama shi na gaske. Ya kamo abu ɗaya da yake da tabbaci a kai, abin da ya sha yin alfahari da shi a taron Laraba.

"Zan ce ba ta taɓa ƙorafi ba. Ruwa, ƙanƙara, iska, duk Lahadin duniya, ko sau ɗaya ban ji kukan yarinyar nan a kan dutse ba. Wannan zan faɗa da babbar murya."

Sunniva ta ɗan jima tana murza ɓawon lemo a yatsa.

"Kuka nake yi, Baba. Kusan kowace Lahadi. Kana gaba ne."

Ya mayar da ido kan tukunya. Suna zaune haka wutar ta yi ƙasa, ta koma ja, ta ɗauke. Ya girgiza gwangwanin a kunne, shiru. Ya ƙare tas. Abin kunya, a tsakiyar wannan baƙin ciki sai da wani lungu na zuciyarsa ya ɗan ji daɗi cewa an rage ɗaya daga katakon ƙasa, ya kuma tsani kansa da jin haka.

Ruwan ko kumfa bai yi ba, ɗumi-ɗumi ne. Duk da haka ya zuba garin gahawa, don bai san me kuma zai yi da hannunsa ba. Garin ya taso ya yi ta yawo a sama. Ya tsiyaya a kofuna ya miƙa mata ɗaya. Ta karɓa da hannu biyu, ta kurɓa, ta tofar da gari daga leɓe, ta sake kurɓa. Ta shanye shi duka, abin da ko shi bai iya ba.

"Arnfinn ne zai yi jawabin," ta ce, a hankali, ba faɗa a muryarta. "Ba don ya fi ka ba. Shi dai ya san sunan unguwar da nake, ya san ba na son dutse."

"Ba kya son dutse?"

"Ban taɓa so ba. Don kai nake zuwa." Ta goge kofin da dusar ƙanƙara ta miƙa masa. "Amma ina son ka zo, Baba, da gaske nake. Ina son a ce kana da naka aikin a wurin. Na ce wa Mama kai za ka kula da gahawa."

Zafin abin ya sauka masa har ƙashi. Ya rasa jawabin, ya kuma gane ba yau ya rasa shi ba. Ya so ya ce ta yi haƙuri. Ya so ya ce ta ƙara masa Lahadi ɗaya, ko a falo ne, ko a Bergen, ya zauna ya saurara. Maganar ta taso daga ƙirji ta iso maƙogwaro, ya buɗe baki, idonsa ya kawo ruwa, sai ya ji kansa yana cewa:

"A waje za a yi ko a ciki? Don in a waje ne, watan Mayu da yamma akan yi sanyi, sai an haɗa da na hunturu, kuma taro irin wannan ba ƙaramin risho..."

Sunniva ta kalle shi. Ita ma idonta ya cika. Ta miƙa hannu ta zuge masa rigar sama da ya bari a buɗe tun ɗazu, har wuya.

"A ciki ne, Baba. Suna da injin gahawa. Dannawa kawai za ka yi."

Ta goya jakarta ta kama gangara, don lokacin jirgi ya matso. Torleif ya naɗe ƙafafun rishon ɗaya bayan ɗaya, ya saka shi cikin 'yar jakarsa.